Kafin ku karɓi aiken kemis: maganin ciwon jiki da maganin maiƙon jini suna jituwa kuwa?

A yawancin gidajenmu, idan babba ya ji jikinsa ba daɗi, ba shi ke zuwa kemis da ƙafarsa ba. Ɗan sakandare ake ƙwala wa kira, a miƙa masa kuɗi a ce, "Je ka ce a ba ka maganin ciwon jiki," ko kuma, "Jeki ki ce wa mai kemis ya haɗo mini na ciwon gwiwa." Ku ne 'yan aike, ku ne kuma masu karanta rubutun da ke jikin kwali. Shi ya sa a wannan makon muka zaɓi mu tattauna da ku a kan dangin magunguna biyu da ke yawan haɗuwa a leda ɗaya a ɗakin Baba ko na Kaka.

Na farko su ne magungunan kashe ciwo da saukar da kumburi, irin su Ibuprofen da Diclofenac. Na biyu su ne magungunan rage maiƙon jini, wato kolestarol, waɗanda likitoci ke kira sitatin, irin su Atorvastatin da Simvastatin. Za mu rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali domin ku gane su idan kun gani.

Tambayar ita ce: wanda ke shan na biyun, yana iya shan na farkon? Amsar a taƙaice ita ce, magungunan biyu ba su cika yin faɗa da juna kai tsaye ba. Sai dai mutumin da likita ya ɗora a kan sitatin, galibi shi ne wanda zuciyarsa da ƙodarsa suka fi jin jiki idan ya riƙa shan maganin kumburi. A nan haɗarin yake, kuma shi ne abin da muke so ku fahimta da kyau.

Dangi na farko: masu kashe ciwo da kumburi

Ibuprofen da Diclofenac da Piroxicam da Naproxen da Aspirin duk 'yan gida ɗaya ne. A kemis za ku fi jin sunayen da kamfanoni suka raɗa musu. Brufen Ibuprofen ne, Voltaren da Cataflam Diclofenac ne, Feldene kuma Piroxicam ne. Aspirin ne babban wansu, domin tun 1899 kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi kasuwa. Ibuprofen ya fito a Ingila a 1969, daga ɗakin binciken kamfanin Boots, inda masani Stewart Adams ya jagoranci aikin. Shi kuwa Diclofenac a Suwizalan aka haɗa shi, ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1970.

An yi shekara fiye da 70 ana shan Aspirin ba a san yadda yake aiki ba, sai a 1971 wani masani a Landan mai suna John Vane ya gano sirrin. Wannan binciken ne ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 1982. Ya gano cewa jiki na ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Idan kun gurɗe a filin ƙwallo, su ne ke sa wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya riƙa zugi. Aspirin da danginsa suna toshe injin da ke ƙera su, sai ciwon ya lafa.

Matsalar ita ce furostagilandin ba aikin ciwo kaɗai suke yi ba. Su ne ke taimaka wa tumbi ya lulluɓe kansa da majina mai kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Su ne ke buɗe hanyar jini zuwa ƙoda, musamman lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Suna kuma da hannu wajen daidaita yadda jini ke gudu da yadda yake daskarewa a jijiyoyi. Ƙwayar maganin ba ta san gwiwa kaɗai aka aike ta ba. Duk inda jini ya kai ta, sai ta yi aikinta. Shi ya sa yawan shan waɗannan magunguna ke jawo gyambon ciki, ya ɗaga hawan jini, ya kuma gajiyar da ƙoda.

Ku lura, Paracetamol, wanda kuka fi sani da Panadol, ba ɗan wannan gidan ba ne. Yana rage ciwo da zazzaɓi, amma bai cika saukar da kumburi ba, kuma ba ya cin tumbi ko takura wa ƙoda kamar su idan an sha shi bisa ƙa'ida.

Dangi na biyu: masu rage maiƙon jini

Kolestarol wani irin maiƙo ne da jiki ke buƙata domin gina bangon ƙwayoyin halitta da ƙera wasu sinadarai. Mafi yawansa jiki ne da kansa ke ƙera shi, musamman hanta, saura kuma daga abinci yake zuwa. Idan wani nau'insa da ake kira LDL ya yi yawa, sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini, kamar yadda datti ke taruwa a cikin bututun ruwa. Shekara da shekaru hanyar na ƙara tsukewa ba tare da mutum ya ji komai ba. Ranar da gudan jini ya toshe ta gaba ɗaya, idan a zuciya ne sai a sami bugun zuciya, idan a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki.

Maganin wannan matsala daga fumfuna aka fara samo shi. Wani masani ɗan Japan mai suna Akira Endo ya gwada nau'in fumfuna wajen 6,000, har a 1973 ya dace da sinadarin da ke rage wa hanta ƙarfin ƙera kolestarol, a cikin wata fumfuna da ta fito a jikin shinkafa. Sitatin na farko da aka amince a sayar a Amurka shi ne Lovastatin, a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan masu ciwon zuciya 4,444. An ba rabinsu Simvastatin, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Bayan shekara biyar da 'yan watanni, mace-mace a cikin masu shan maganin ya yi ƙasa da kashi 30 cikin 100. Endo ya rasu a 2024 yana da shekara 90, bayan maganin da ya faro ya zama cikin waɗanda aka fi sha a duniya.

Gane 'yan wannan gidan ba wuya, domin sunayensu duk da "statin" suke ƙarewa: Atorvastatin, Simvastatin, Rosuvastatin, Pravastatin, Fluvastatin. Lipitor da Zocor da Crestor sunayen kamfani ne na ukun farko.

Su wa ake ba sitatin? Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon suga da yawa da suka manyanta, da masu ciwon ƙoda, da wanda gwajin jini ya nuna maiƙonsa ya hau sosai. Ku riƙe wannan jerin, domin za mu dawo kansa.

Idan suka haɗu a hanta

Hanta ce ma'aikatar da ke sarrafa yawancin magunguna kafin jiki ya fitar da su. A cikinta akwai ma'aikata iri-iri da kuka sani a darasin bayoloji da sunan enzayim, kowanne da layinsa. Idan magani biyu suka hau layi ɗaya, ko ɗaya ya hana ma'aikacin aiki, sai ɗayan ya taru a jini fiye da kima.

Atorvastatin da Simvastatin wani ma'aikaci mai lamba CYP3A4 ne ke sarrafa su. Ibuprofen da Diclofenac kuwa sun fi bin layin wani mai lamba CYP2C9. Tun da layinsu daban-daban ne, ba su cika tare wa juna hanya ba. Wannan ne dalilin da ya sa likita kan iya ba mai shan sitatin Ibuprofen na kwana biyu ko uku, idan ya duba ya ga zuciyarsa da ƙodarsa da tumbinsa za su ɗauka.

Akwai togaciya biyu. Fluvastatin layi ɗaya yake bi da Diclofenac, don haka idan aka haɗa su kowannensu na iya ƙaruwa a jini. Sai kuma wani tsohon maganin maiƙo da ba sitatin ba, mai suna Cholestyramine, wanda gari ne da ake damawa a sha. Shi a hanji yake aiki, kuma yakan kama wasu magunguna, har da na ciwo, ya hana su shiga jini. Ƙa'idarsa ita ce a sha sauran magunguna awa ɗaya kafin shi, ko awa huɗu zuwa shida bayansa.

To, idan faɗan kai tsaye kaɗan ne, mene ne abin tsoron? Abu huɗu ne.

Na ɗaya: zuciya

Sitatin na gyara hanya, maganin kumburi na iya ɓata ta. Duniya ta farga da haka ne a 2004, lokacin da kamfanin Merck ya janye maganinsa na ciwon gaɓɓai mai suna Vioxx daga kasuwa, bayan gwaji ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Daga nan masana suka koma duba tsofaffin magungunan.

A 2013 wani babban nazari da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje ɗaruruwa ya nuna cewa shan Diclofenac mai yawa, miligiram 150 kullum na tsawon lokaci, na ƙara haɗarin manyan cututtukan jijiyoyin jini da kusan kashi ɗaya bisa uku. A cikin mutum 1,000 da suka sha shi haka shekara guda, ana samun ƙarin mutum uku da abin ke faɗa wa, ɗaya daga cikinsu kuma ya rasa ransa. Shan Ibuprofen mai yawa, miligiram 2,400 a rana, shi ma ya nuna ƙarin haɗari ga zuciya.

A wannan shekarar ce hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba da Diclofenac ga mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Ta ƙara da cewa mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai yawan maiƙon jini, da mai shan taba, sai an yi nazari sosai kafin a ba su. Ku kwatanta wannan da jerin masu shan sitatin da muka kawo a baya, za ku ga kusan mutane ɗaya ne. A 2015 Birtaniya ta hana sayar da ƙwayar Diclofenac sai da takardar likita, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta ƙarfafa gargaɗinta cewa haɗarin na iya farawa tun a makonnin farko na shan waɗannan magunguna. A wurinmu kuwa, har a faranti ake tallarsa a tasha da kasuwa.

Na biyu: ƙaramin Aspirin

Da yawa daga masu shan sitatin suna kuma shan ƙaramin Aspirin mai miligiram 75, wanda wasu suka sani da Vasoprin. Ba don ciwo ake ba su shi ba. Aikinsa shi ne hana wasu ƙananan ƙwayoyin jini mannewa da juna su zama gudan da zai toshe jijiya.

Ibuprofen da Aspirin kujera ɗaya suke nema a jikin waɗannan ƙwayoyi. Idan Ibuprofen ya riga ya zauna, Aspirin ba ya samun wuri, kafin kujerar ta zama fanko kuma jiki ya riga ya fitar da shi. Shi Ibuprofen zaman ɗan lokaci yake yi ya tashi, sai a bar mutum babu kariyar da yake zaton yana da ita. A 2006 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a sha Ibuprofen aƙalla minti 30 bayan Aspirin, ko kuma a bar awa takwas tsakani idan Ibuprofen aka fara sha. Wannan lissafin na Aspirin ne marar rufi mai saurin narkewa, don haka kada ku yanke hukunci da kanku, a tambayi likita. Ban da haka ma, haɗa su biyun na ƙara haɗarin zubar jini a tumbi.

Na uku: ƙoda

Kowace ƙoda na ɗauke da 'yan mitsi-mitsin matatai kusan miliyan ɗaya, kuma su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180 a rana, su mayar da kusan duka, su fitar da ɗan abin da ya rage a matsayin fitsari. Kowace matata na da bututun shiga da na fita, kuma sai da ƙarfin turin jini take iya tacewa.

Mai shan sitatin sau da yawa yana da hawan jini. Maganin hawan jini irin su Lisinopril da Losartan suna sassauta bututun fita. Maganin sa fitsari, irin su Lasix da Moduretic, suna rage ruwan da ke jiki. Waɗannan biyun likita ya auna su, kuma suna da amfani sosai. Amma idan aka ƙara Diclofenac ko Ibuprofen a kai, sai ya tsuke bututun shiga. Ruwa ya ragu, mashiga ta tsuke, mafita ta buɗe, sai turin ya faɗi, matatar ta tsaya. Likitoci na tsoron wannan haɗin na uku, domin yana iya tsayar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman ga tsofaffi.

Haɗarin ya fi yawa lokacin da jiki ya bushe: a zafin Maris zuwa Mayu, ko ana gudawa da amai, ko zazzaɓi mai zafi, ko azumi ga wanda bai sha isasshen ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san irin wahala da kuɗin da ke ciki.

Wani abu da ya faru a Indiya da Pakistan da Nefal zai nuna muku ƙarfin wannan magani a kan ƙoda. A shekarun 1990 ungulayen ƙasashen suka riƙa mutuwa, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 aka gano dalili: ana yi wa shanu allurar Diclofenac, idan saniya ta mutu ungulu ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace. A 2006 aka haramta ba dabbobi maganin a can. Jikin mutum ya fi na ungulu jure masa nesa ba kusa ba, amma gaɓar da yake taɓawa ɗaya ce.

Ƙoda ta shafi sitatin ma. Idan ta yi rauni, wasu sitatin, musamman Rosuvastatin, sukan taru a jini, haɗarin illarsu ga tsoka kuma ya ƙaru.

Na huɗu: rufe bakin ƙararrawa

Illar sitatin da aka fi sani ita ce ciwon tsoka, galibi a cinyoyi da ƙwauri da kafaɗu, kuma a ɓangarorin jiki biyu lokaci guda. Yawanci mai sauƙi ne. Wani nazari da masana a Jami'ar Okusfod suka jagoranta a 2022 ma ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da masu shan sitatin ke kuka da shi, ba maganin ne ya jawo shi ba. Tsufa ne, ko aiki, ko wata cuta daban.

Amma akwai wani nau'i da ba kasafai ake samunsa ba, mai haɗari ƙwarai, inda tsoka ke narkewa ta zubar da wani jan sinadari cikin jini. Sinadarin na zuwa ya toshe matatun ƙoda. Alamominsa su ne ciwon tsoka mai tsanani, da kasala har mutum ya kasa tashi daga zaune ko hawa matakala, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi.

Ku yi tunanin abin da zai faru idan Baba ya fara jin wannan ciwon, ya ce gajiya ce, ya aike ku a haɗo masa magani. Maganin zai rufe ciwon da ya kamata ya kai shi asibiti, sannan ya ƙara wa ƙodar da ke fama kaya. Garin neman gira sai a rasa ido.

Masu faɗa da sitatin ido da ido

Tun da muna maganar kemis, ya kamata ku san magungunan da su kam faɗan kai tsaye suke yi da sitatin. Erythromycin da Clarithromycin, waɗanda ake yawan saya domin tari da ciwon maƙogwaro, suna ɗaure wa ma'aikacin nan CYP3A4 hannu, sai Simvastatin ko Atorvastatin ya taru a jini ninki-ba-ninki. Haka ƙwayoyin Ketoconazole da Itraconazole na cututtukan fata, da wasu magungunan cutar ƙanjamau masu ɗauke da Ritonavir. Shi ma Amlodipine, sanannen maganin hawan jini, yana ɗan ɗaga Simvastatin, shi ya sa ƙa'ida ta ce wanda ke shan su tare kada ya wuce miligiram 20 na Simvastatin a rana.

Akwai kuma Gemfibrozil, wani maganin maiƙon jini daga wani gidan. A watan Agustan 2001 kamfanin Bayer ya janye sitatin ɗinsa mai suna Baycol daga kasuwa, bayan an sami rahoton mutuwar mutum 31 a Amurka sakamakon narkewar tsoka. Goma sha biyu daga cikinsu suna shan shi ne tare da Gemfibrozil.

Duk wannan ba dalili ba ne na a daina shan sitatin. Wanda ya ajiye shi ba da izinin likita ba, maiƙonsa zai koma inda yake cikin 'yan makonni, kariyar da yake samu ta tafi. Idan ana zargin yana jawo ciwo, likita na iya yin gwajin jini, ya rage yawansa ko ya canja wani.

Aikin ɗan aike nagari

Ba mu ce ku zama likitocin gida ba. Abin da muke so shi ne ku zama 'yan aiken da suka san abin da za su tambaya.

1. Ku tafi da suna. Kafin ku fita, ku rubuta sunayen duk magungunan da mai aiken yake sha, ko ku ɗauki kwalayen, ko ku ɗauki hotonsu a waya.

2. Ku yi bayani. Maimakon "a ba ni maganin ciwon jiki," ku ce, "Malam, Babana ne ke ciwon gwiwa. Yana da hawan jini, ga magungunan da yake sha. Wanne ne ba zai cutar da shi ba?" Idan akwai babban kantin magani mai ƙwararren masanin harhaɗa magunguna a kusa, can ya fi.

3. Kada ku karɓi haɗi. Ƙwayoyi masu launi-launi da aka ɓallo daga katinsu aka ƙulle a leda ko takarda, babu wanda zai san sunansu idan matsala ta taso. Sau da yawa a cikinsu akan sami biyu ko uku 'yan gida ɗaya. Shan Diclofenac da Ibuprofen da Piroxicam tare bai cika ƙara sauƙi ba, illa yake ninkawa.

4. Ku karanta ƙananan rubutu. Wasu kafso na ciwon jiki da na mura suna ɗauke da Ibuprofen ko Diclofenac a haɗe da Paracetamol, sunan da ke gaban kwalin kuma bai nuna ba. Ku duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

5. Ku san mai sauƙin illa. Ga mai shan sitatin da ke fama da ɗan ciwon kai ko na jiki, Paracetamol ne likitoci suka fi farawa da shi. Babba kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a awa 24, biyu-biyu, da tazarar aƙalla awa huɗu. Mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki sosai sai ya tambayi likita. Ga ciwon gwiwa, man shafawa na Diclofenac kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, don haka ya fi ƙwaya ko allura sauƙin illa.

6. Ku san ranar da ba ta kemis ba ce. A tafi asibiti nan take idan an ga fitsari mai duhu ko ƙarancinsa, kumburin ƙafa ko fuska, baƙin bahaya kamar kwalta, aman jini, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Ciwon da ya wuce kwana uku ana shan magani bai tafi ba, shi ma na asibiti ne.

Mun san gyara wa babba magana ba abu ne mai sauƙi ba. Ladabi shi ke buɗe ƙofa. Kuna iya cewa, "Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta cewa wannan maganin ba ya shiri da masu hawan jini. Ko in kawo maka Panadol tukuna, gobe in raka ka wurin likita?" Kaka kuwa abokiyar wasa ce, cikin raha ma kuna iya ƙwace ledar haɗin ku ce sai an nuna wa likita.

Ku ma abin ya shafe ku

Ɗan sakandare bai cika shan sitatin ba, amma da yawanku kuna shan maganin kumburi: samari bayan ƙwallo, 'yan mata lokacin ciwon mara. Ga mai lafiya, Ibuprofen na kwana ɗaya zuwa uku bisa ƙa'idar da ke jikin kwali magani ne mai amfani. Ku sha shi bayan cin abinci, da ruwa mai yawa. Kada ku sha kafin wasa ko gudu a rana domin wai kada ku ji gajiya, saboda lokacin ne ƙoda ta fi buƙatar jini. Mai gyambon ciki ya guje shi, mai asma da mai sikila su tambayi likitansu, mai juna biyu kuma kada ta sha sai da izini. Aspirin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai likita ya rubuta, domin yana iya jawo wa yara wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, musamman lokacin mura ko ƙaranbau.

Aikin gida na wannan makon

Ku nemi izinin babban da ke shan magani kullum a gidanku. Ku yagi takarda ɗaya daga tsakiyar littafi, ku ja layi huɗu: sunan magani, miligiram nawa ne, sau nawa ake sha a rana, da ciwon da aka bayar da shi dominsa. Ku sa har da na gargajiya da na Islamik kemis, domin likita na buƙatar sanin su ma. Ku ja layi a ƙarƙashin duk sunan da ya ƙare da "statin", ku zagaye duk wanda ke cikin dangin masu kashe kumburi. Idan kun ga biyun a takarda ɗaya, kada ku tsorata kowa, kada kuma ku ce a daina shan wanda likita ya rubuta. Ku yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a cikin ledar maganin, ɗaya a tafi da shi asibiti ranar ganin likita, a nuna masa a tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata.